Bilyaminu Tafinta da Baƙon Kwata

A Yelwa, shekara biyu bayan an yanki Kebbi daga Sakkwato, babu wanda ke zuwa kwatar jiragen ruwa bai san rumfar Bilyaminu ba. Rumfar zana ce, da talabijin ɗaya da bidiyo da ɗan janareto mai tari. Masunta kan shiga bayan la'asar, in sun gama da 'yan sarin kifi. Wasu rumfunan suna sa fim ɗin Indiya ko na faɗa, shi kuwa Bilyaminu abu ɗaya ya ɗauke masa hankali: finafinan halittun da ke saukowa daga wata duniya, masu ƙaton kai da manyan idanu, su ɓata hanya a cikin mutane. Har Kwantagora yake zuwa neman kaset ɗinsu.

Turancinsa kuwa, a aji huɗu na firamare ya tsaya. Amma da ya tsaya gefen talabijin yana fassara, sai ka rantse a garin halittun aka yanke masa cibiya. Fuska yake dubawa ya ƙera magana. Kowace halitta ta buɗe baki, abu ɗaya yake sa mata: yunwa take ji, a bar ta ta koma gida. Yana faɗa muryarsa na rawa, don shi kansa an haife shi a tsibirin da ruwan Kainji ya shanye, kuma ya girma yana jin innarsa na ambaton gidan da babu hanyar komawa. Ƙattin masunta sai ka ga suna share ido da haɓar riga, suna cewa hayaƙin janareto ne. Matarsa Kulu takan ce tausayin da yake wa dodanni, da ya rage mata ko rubu'insa da ta yi ƙiba.

Wata safiya aka kama wani baƙo yana ɗaga ragar wani masunci, Zaidu, a tsakiyar ruwa. Wurin masunta babu laifin da ya kai wannan, gara ka zagi mutum da ka taɓa ragar da ya kafa. Aka ce raga huɗu ya ɗaga kafin ta Zaidu. Aka kawo shi gaban Sarkin Ruwa. Baƙon dogon mutum ne, jiƙe sharkaf, da wani warwaron jan ƙarfe a hannu ya damƙe. An gwada shi da Gunganci, da Zabarmanci, da Fulatanci, bai ji ko ɗaya ba. Sai magana yake zubawa yana nuna ruwa.

Wani ya ce, "A kira Bilya mana! Shi da ka jin maganar mutanen sama, wanga za ya gagare shi?"

Aka yi dariya, aka kira shi da gaske. Bilyaminu ya zo ya tarar Zaidu riƙe da filafilin tuƙa kwalekwale, samari sun kewaye baƙon. Ya dubi fuskar mutumin, ya san irin wannan kallon. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba, kuma ya san in ya ce bai fahimta ba, duka za ta biyo baya.

Sarkin Ruwa ya ce, "To, mi ya ce?"

"Ranka ya daɗe, ya ce yunwa ta sa shi. Ya ce a yi haƙuri, a bar shi ya koma gida."

Maganar ta yi aiki kamar yadda take yi a rumfa. Zaidu ya sauke filafili. Sarkin Ruwa ya ce tunda ya amsa laifinsa ba za a taɓa shi ba. Aka ba shi gari da busasshen kifi, aka ɗaure kwalekwalensa a bayan jirgin inji, aka ce a kai shi can gaba da Shanga, kada ya sake shigowa ruwan nan. Mutumin ya yi ta turjewa yana kuka, yana ɗaga warwaron, sai da mutum uku suka danne shi. Bilyaminu ya koma gida ana yaba masa, amma ranar bai iya cin tuwo ba.

Kwana biyu bayan haka ragar Zaidu ta yi nauyi. Gawar mace ce, matashiya, da warwaron jan ƙarfe ɗaya a hannun hagu, irin wanda baƙon ya damƙe. Kowa a kwatar ya san in ruwa ya ci mutum raga-raga ake bi ana dubawa, su ma haka suke yi in nasu ne. Aka yi mata sutura aka binne ta a bakin gaɓa, babu wanda ya san sunanta. Babu kuma wanda ya ce wa Bilyaminu komai, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Ya yi wata uku yana tare duk jirgin da ya gangaro daga sama, yana tambayar wani dogon mutum mai warwaro, don ya nuna masa kabarin. Ba a ƙara ganinsa ba.

Bai rufe rumfar ba, bai kuma daina sayen kaset ɗin ba. Sai dai in halittar ta buɗe baki, Bilyaminu yakan yi shiru yana kallonta. Masunta su yi ta ihu, "Bilya, mi ya ce?"

Shi kuwa sai ya ce, "Wallahi ban sani ba."