Taɓaryar Inna a Kaset ɗin Iya

Muryar mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, a kaset ɗaya tal ta rage a duniya. Yayana ne ya ɗauke ta, shekarar da ya dawo daga cirani da rediyo mai cin kaset, yana yawo da ita a kafaɗa sai ka ce sarauta aka ba shi. Ana shirin sunan ɗansa a ƙauyenmu da ke bayan Bande, mata sun cika tsakar gida da daka, sai ya ajiye rediyon a gindin turmi ya danna. Iya na waƙa, ƙanwarta Inna na ɗaya gefen turmin tana lugude. Ina yarinya a lokacin, amma har yau ina ganin Inna ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta ƙwanƙwasa bakin turmi kafin ta sauke.

Iya ta rasu, yayana ya bi ta, kaset ɗin ya zo hannuna. Ya yi shekaru a ƙasan akwatina a Magarya, inda nake koyarwa. Bara aka aiko mini daga Dogo-Dogo cewa Inna ta kwanta, idonta ya tafi, kuma ba ta da magana sai ta son jin muryar yayarta kafin ta cika.

Da ƙyar na sami mai na'urar kaset, wani mutum da ke da shago a bakin kasuwa yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a waya. Ya haɗa na'urar da ordinatarsa, wato kwamfuta, ya kunna. Abin da ya fito sai ka ce ruwan sama a kan rufin kwano, ga ƙas-ƙas, ga shuu-shuu. Can ƙarƙashin hayaniyar na jiyo Iya, na juya wa mutumin baya na yi kukana. Yana kaiwa ƙarshe zaren ya nannaɗe ya tsinke, ya bar baƙin gari a cikin na'urar.

"Kada ki damu, Madam, ya riga ya shiga ordinata," in ji shi. Ya nuna mini sautin a allo, wani dogon zane mai tsini-tsini. "Kin ga waɗannan masu tsayin? Duk datti ne. Lojisiyel ɗin nan, manhajar da na sa a ordinata, aske su yake yi, murya kaɗai zai bari."

Na ce masa kunnen tsohuwar ya yi nauyi, ya taimaka muryar ta fito. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Wanda lojisiyel ɗin ya tsallake ma shi ya bi da hannu yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na karɓa, Iya ta fito fes, kamar tana bayan ƙofa. Na dai ji tana yankewa tana haki a tsakanin baituka, na ɗauka tsufan kaset ne. Na hau kabu-kabu na nufi Dogo-Dogo cikin rairayi, ina murna.

Na tarar da Inna ta ƙanjame a kan tabarma. Na kara mata wayar a kunne. Da jin muryar sai hannunta na dama ya tashi, yatsun a dunƙule, ya tsaya a sama yana jira. Ya sauka. Ya sake tashi.

"Ɗiyata," ta ce, "ba ta da lafiya ne ran nan? Me ya sa take nishi ita kaɗai?"

"Lafiyarta lau, Inna. Ranar suna ce, kina wurin."

"To ina turmin?"

"An goge ƙarar ne don ki ji ta sosai."

Inna ta sauke hannunta.

"Ai ni ce ƙarar. Ni ban taɓa iya waƙa ba. Ita ta faɗa da baki, ni in amsa mata da taɓarya. Haka muka yi tun muna 'yan mata."

Washegari na dira a shagon na ce ya ba ni na farkon, mai dattin. Ya ce ai gyararren ya ajiye a kansa. "Wa zai ajiye datti, Madam?" Na zazzaga masa masifa har masu shagunan kusa suka leƙo. Ya ɗauko tsinkakken zaren a leda ya miƙo mini. Na fito raina a ɓace, kuma ban san wa zan ba laifi ba.

Da na koma Dogo-Dogo na sa aka gungura turmi zuwa ƙofar ɗakinta, na zuba gero, na kunna wayar na kama daka. Ni da alli ya cinye wa hannu, ina ni ina lugude? Na jefa taɓarya ta kusa fasa mini goshi, matan gidan suka yi ta ƙunshe dariya.

"Kina shigowa a makare," in ji Inna daga ciki. "Yayata ba ta jira haka. Bari, ɗiyata, kashe abin nan. Tausayi take ba ni."

Ba ta ƙara neman a kunna mata ba. Ta rasu kafin a yanke gero.

Waƙar tana nan a wayata, tsaf, babu ƙas ko ɗaya. Ba na son kunna ta, amma nakan kunna. A ƙarshen kowane baiti Iya takan ja numfashi ta dakata wa ƙanwarta, sai shiru, sannan ta ci gaba ita kaɗai.