Malam Abdullatif, Mai Kiwon Hunhunar Lemo

Kafin masu lemo su gama kwance buhuna a tashar Kankia, Malam Abdullatif ya iso daga garin Ƙofa a kan tsohon babur ɗinsa. Ba lafiyayyen lemo yake nema ba. Wanda hunhuna ta mayar kore shar, ya ruɓe har ana toshe masa hanci, shi yake ɗauka cikin lallami ya nufi ɗakin binciken kwalejin da ya yi wa aiki har gemunsa ya yi fari.

Wata masaniya a can nesa ke karanta ƙwayoyin gadon wannan hunhuna, don a gano da wace dabara take kutsawa cikin ɓawon lemo bayan an tsinke shi. Amma sai da hunhuna mai rai ake wannan karatu, kuma a nan wuta ba ta zama balle a dogara da firji. To, Malam ne ke raya ta. Yakan tsaga ɓawon sabon lemo da allura, ya ɗiga masa ta jiya, kamar yadda mai nono ke ajiye iri. Irin Kusada daban, na Kankia daban. Ya yi sakaci kaɗan, aikin shekaru ya mutu.

Aiki ne na kaɗaici, wallahi. Warin ɗakin ya hana abokan aiki ko leƙowa, abincin rana ma shi kaɗai yake ci. Abin na damunsa, bai dai taɓa yin ƙorafi ba.

Ma'u mai lemo ta shaida mini cewa a da tsokanarsa take yi.

"Baba, yau ma miyar ruɓaɓɓe za a yi?"

Wata rana ya same ta tana wanke lemonta kaf a baho ɗaya don ya yi sheƙi, yadda kowa ke yi a tashar. Ya tsuguna ya ce, "'Yata, guda ɗaya mai ciwo ya shiga ruwan nan, kin raba wa sauran. Ware mai tabo tukuna." Tun daga nan, in ji ta, ba ta ƙara zubar da rabin buhu ba.

Kai ne, Malam, ka ɗauki abin ƙyama ka riƙe shi amana. Na Ƙofa, mai hannun haƙuri, mun gode. Allah ya saka maka da alheri.

Bana ya yi ritaya. Da shugaban sashe ya tambaye shi kyautar da yake so, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mutum ɗaya in koya masa. In na tafi haka, hunhunar nan za ta mutu."

'Yan Kankia da Kusada masu takardar kimiyya a aljihu, da ku nake. Har yau ba wanda ya je. Malam dai yana zuwa kullum, ba albashi, yana barin ƙofar ɗakin a buɗe ko wani zai shigo.