Gwangwanin Man Birki

A shekarun da kuɗin fetur suka fara isowa garuruwanmu aka ƙara wa ma'aikata albashi, Baba ya sayi mota. Malamin gona ne a Ƙanƙara. Ni kuwa ina kwalejin horon malamai, hutu kaɗai ke kawo ni gida.

Baba ba ya tayar da motar sai ya yi mata abin da yake kira gaisuwa. Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya goge, ya mayar ya sake zarowa. Ya leƙa ruwan lagireto tun injin na da sanyi, ya zagaya tayoyi yana danna su da ƙafa, daga ƙarshe ya duba ɗan kofin man birki. Ni ke riƙe masa tsumma. Idona yana kan hasken safiya da ke kwanciya a gilashi, amma kunnena yana ji.

"In mota ta ƙi tashi, yini kawai kika rasa," yakan ce. "In ta ƙi tsayawa fa?"

A but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, yana ajiye gwangwanin man birki na ko-ta-kwana, naɗe cikin tsohon buhu, makullin but ɗin kuma a rataye yake a ƙusa bakin ɗakinsa.

Da damina aka aiko daga Damari cewa ƙanen Kaka yana kwance, yana nemanta. Kaka ita ta haifi Baba, shi ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko yana gabanta, ni za ta duba ta ce, "Gaya ma ubanki." Muka kama hanya mu uku, ni a gaba, ita a baya da carbinta da ƙullin goro.

Mun wuce 'Yargoje lafiya. Bayan Sheme hanyar ta koma jar ƙasa da tsakuwa, ruwa ya zaizaye ta. Wani dutse ya daki cikin motar, ƙwal! Baba ya saurara, bai ji komai ba, muka ci gaba. Ina kallon dawa tana kaɗawa kamar ana shafa gashin yaro, sai muka hau kan wata gangara. Can ƙasa shanu suna tsallake hanya.

Na ga ƙafar Baba ta taka birki, ta tafi har ƙasa kamar ya taka laka. Ya ɗaga ya sake takawa, ya sake, da sauri da sauri. Motar ba ta ji ba. Ƙahonin shanun suna ta girma a gilashi.

"Innalillahi," ya faɗa a hankali. Wannan hankalin ne ya fi ba ni tsoro.

Ya fizgo giya ya mayar ƙasa, injin ya yi kuka. Ya sake saukar da ita, ya ɗora hannu a kan hon, yana jan birkin hannu kaɗan kaɗan. Makiyayin ya ɗaga sanda yana ihu, shanu suka dare biyu, muka bi ta tsakiyarsu. Jelar wata ta shafi gilashina. Sai da hanya ta fara hawa sannan motar ta gaji ta tsaya.

Baba ya sa dutse a bayan taya, ya kwanta ya shiga ƙarƙashi da fararen kayansa. Da ya fito yatsunsa suna ƙyalli.

"Dutsen nan ya huda bututun da ke kai mai tayar baya. Duk takawar da na yi, zubarwa nike."

Ya ɗauki filaya da guduma ya koma. Ya lanƙwashe bututun gaba da hudar ya daddake bakinsa, don sauran tayoyin su samu abin da ya rage. A kofin birki saura ɗan abin da bai kai gaɓar yatsa ba.

"Alhamdu lillahi da muna da guzuri. Ɗauko gwangwanin."

Na kwance buhun, na murɗe murfin. Launin daidai ne, ruwan zuma. Amma na san warin man birki, yana yaji a hanci. Wannan kuwa ƙamshin ƙuli-ƙuli ne ya taso mini, har na ga tsakar gidanmu ranar suya. Baba ya miƙo hannu, bai ko juyo ba. Na waiwaya. Kaka ta leƙo ta taga, carbin ya tsaya a hannunta.

"Ke 'yar boko," ta ce. "Gaya ma ubanki kada shi zuba."

Baba ya miƙe tsaye.

"Gaya mashi matan unguwa sun ce ba maganin makero da faso kamar man birki. Wadda ta zo da ɗanta kai duk tabo, ni ce zan ce babu? Cokali cokali ya ƙare. Na cika mashi da man gyaɗa, sabon matsa, ba na kasuwa ba." Ta gyara mayafi. "Ai mai mai ne."

Ban maimaita ba, ya ji da kunnensa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Da wani ne, da an ji su har Sheme. Ya karɓi gwangwanin ya shinshina.

"Gaya ma Inna," ya ce. Ban taɓa jin ya bi ta kaina ba sai ran nan. "Cikin birki akwai 'yan robobi. In suka sha wannan za su kumbura su saki, ba a nan ba, sai inda muka fi bukatarsu. Kuma shi man birkin ba magani ba ne. Abin da ke cin fentin mota ake shafa ma kan yaro?"

Kaka ta koma jan carbinta. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwantar da ciyawa. Ba gida ko ɗaya a kusa. Makanike mafi kusa yana Faskari, tsakaninmu da shi kuma akwai wata gangarar da rafi a gindinta, wanda in ya cika sai a kwana ana jira. Ga mara lafiya yana sauraren ƙarar mota.

"Za mu tafi da giya ɗaya," Baba ya ce mini. "Hannuwana biyu na sitiyari ne. Ke riƙe birkin hannu, danna maɓallin, kada ki ja sai na ce. In kika fizga gaba ɗaya bayanta zai juya da mu."

Muka rarrafa. Wani mai keke ya wuce mu yana waige. Ɗigon farko ya faɗo a gilashi daidai lokacin da hancin motar ya sunkuya. A bakin rafin wata babbar mota ce ɗauke da taki ta tsaya cak, ta cike hanyar. Dama kwazazzabo, hagu kwazazzabo.

Injin yana gurnani yana riƙe mu, nauyi yana tura mu. Baba ya taka sau ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron tada barci. Birkin ya ɗan kama.

"Ja kaɗan."

Na ja. Tafin hannuna ya jiƙe, ƙarfen yana zamewa.

"Ƙara. Ƙara. Riƙe nan!"

Tayoyin baya suka ja tsakuwa. A bayana ina jin Kaka tana salati, kalma na hawa kan kalma. Katakon bayan babbar motar ya cika gilashi har ina ganin kan ƙusoshinsa.

"Duka!"

Na sa hannu biyu na ja har kafaɗata ta amsa. Motar ta yi ajiyar zuciya ta tsaya. Tsakaninmu da katakon ko akuya ba za ta ratsa ba.

Sai da Baba ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga jikin ƙarfen. Muka tsallake rafin a bayan babbar motar, ruwan yana lasar ƙasan ƙofa.

A Faskari makanike ya sauya bututun, ya zuba man gaske, ya zaunar da ni a kujerar direba don a fitar da iskar da ta shiga. Yana ƙarƙashi yana kira, "Taka! Riƙe! Saki!" har birkin ya yi tauri a ƙafata kamar dutse. Baba ya sayi sabon gwangwani ya tura ƙarƙashin kujerarsa, makullin but kuma ya jefa a aljihu. Ya ɗaga tsohon zai wurga a juji.

"Gaya ma ubanki shi miƙo mani maina," Kaka ta ce, "tunda motarshi ba ta ci. A yi ma mara lafiya miya da shi."

Muka shiga Damari ana kiran la'asar, gwangwanin yana kan cinyarta. Ƙanenta ya ji tsayuwar mota, ya ce a tayar da shi zaune.