Ranar Da Na Mayar Da Tumba Cikin Fili

Shekara takwas ke nan da muka kai Tumba makwancinsa a ƙauyensu, can gindin duwatsun Michika. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba, alhali na yi rubutu a kan mutanen da ban yi musu rabin sanin da na yi masa ba. Akwai abin da in na fara ba da labarinsa dole in faɗa, shi ya sa nake ta kewaye-kewaye. Bana dai na ga ni ma tafiya ta miƙa, gara in faɗa da bakina tun ina iyawa.

Ga wanda bai san shi ba, Tumba magini ne, Kirista, ɗan ƙabilar Kamwe. Ya zo Mubi yana saurayi neman aikin gini, ya sauka a Sabon Layi, gida uku tsakaninmu. A ƙungiyar ƙwallon unguwarmu shi ne lamba biyar, mai tsaron baya, ni kuma lamba tara, kuma kyaftin. Mun fi shekara goma muna sa riga iri ɗaya. Dogo ne, marar yawan magana, in ya tsaya a gaban gola sai ka ga 'yan gaban abokan karawa suna neman hanya ta gefe.

Ran Asabar ɗin da ta wuce na shiga gidan kallon ƙwallo na bakin layinmu da la'asar, na tarar musu ya kaure tsakanin samari. Wani yana cewa mai tsaron baya na yanzu dole ya iya riƙe ƙwallo, ya fara kai hari tun daga gida, 'yan bayan da kuwa katako ne kawai, ba su san komai ba sai bugawa sama. Wani ya ce ƙarya ne, na yanzu tsoron ƙwallo suke yi, kociyoyi sun mayar da su 'yan gayu. Da suka gan ni suka ce in raba musu gardama, tunda ni ne na ci wa Sabon Layi kofi. Na tambaye su ko sun san wanda ya tsare mana baya a ranar. Ba wanda ya sani. Ɗaya ya ce ai ba a tuna mai tsaron baya sai ranar da ya ci gida, aka yi dariya. Gaskiya ya faɗa ba tare da ya sani ba, don sai bango ya tsage ake lura da cewa da can akwai bango.

Ana cikin haka, a wasan da ake nunawa 'yan wasa biyu suka yi karo da ka. Alƙalin wasa ya tsayar da wasa, likitoci suka shigo, suka duba idon mai tsaron bayan, suka fitar da shi duk da yana nuna zai iya ci gaba. Ɗakin ya ɗauki ihu, ana cewa rago ne. Ni kuwa na tashi na fita, ban jira an tashi wasan ba.

A zamaninmu ƙwallon fata ake bugawa. In ta sha ruwan damina sai ta yi nauyi kamar kabewa. Kocinmu, wani tsohon soja, yakan jera 'yan baya a rana yana jefa musu ita suna sa kai, har sai sun fara layi kamar mashaya, mu 'yan gaba muna gefe a inuwa muna koyon yanka. Yakan ce kan ɗan baya ba nasa ba ne, na ƙungiya ne. Ba mugu ba ne, haka shi ma aka koya masa, mu ma kuma ba wanda ya ga aibun abin.

Wasan ƙarshen da samarin suke magana a kai da 'yan Gella muka buga shi, a filin wata makarantar firamare, bayan an kwana ana ruwa. Na ci ƙwallo ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo suka taso mana haiƙan. A wata kwana da suka bugo, Tumba ya yi tsalle, golanmu ma ya fito, gwiwar golan ta same shi a gefen kai. Ya faɗi bai motsa ba. Aka yi ta zuba masa ruwa har ya buɗe ido, jini na zuba daga girarsa. Da ya miƙe ya dube ni, ya dubi ragar nan, ya dubi waccan, ya ce:

"Kyaftin, wane gefe ne gidanmu?"

Na ji tambayar sarai, kuma na san abin da take nufi. Na waiwaya benci, ba mu da wani ɗan baya da zai iya tare mutanen nan. Sai na yaga singiletina na ɗaure masa kai, na kama kafaɗunsa na juya shi, na nuna masa ragarmu na ce kada ya bar komai ya wuce. Bai bari ba kuwa. Duk ƙwallon da suka ɗago da kan nan mai jini ya mayar da ita, har aka hura tashi. Aka ɗauke ni a kafaɗa daga filin har Sabon Layi ana kiran sunana. Daga baya na ji cewa shi a ƙasa ya tako, yana tsayawa yana amai a bakin hanya, amaryarsa Masi na riƙe da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan mako biyu ya dawo fili, muka ci gaba kamar ba a yi komai ba. Sai da ya haura shekara arba'in ciwon kai ya fara kwantar da shi. Daga nan mantuwa ta shigo. Zai jera bulo layi guda ya tsaya yana kallon cokalin ginin da ke hannunsa. Wata rana ya fita sayen siminti, aka tsince shi a tashar motocin Gella yana zaune, bai san abin da ya kai shi ba. Mutumin da bai taɓa karɓar jan kati ba ya koma yana yi wa 'ya'yansa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, in ya dawo hayyacinsa ya zauna yana kuka. Ni na raka su asibiti. Likita ya tambaya ko ya taɓa buguwa a ka. Masi ta dube ni, ni kuma na ce ai ɗan ƙwallo ne, na ja bakina. Likitan ya ce ba zai iya rantsewa ƙwallo ce ta jawo ba, don ciwon kan kama wanda bai taɓa shiga fili ba. Na riƙe maganar likitan nan shekara da shekaru. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Nakan tambayi kaina me Tumba zai ce da yana cikin gidan kallon nan ran Asabar. Zai yi dariyar masu cewa katako ne shi, wannan na tabbata, don ya fi yawancinmu karanta wasa, yakan san inda ƙwallo za ta faɗa tun ba a buga ta ba. Abin da ke damuna shi ne ina jin da shi za a yi wa yaron da aka fitar ihu. Mun koya masa cewa fita daga fili abin kunya ne har ya yarda. Kuma a filayen unguwanninmu har yau ba abin da ya canja. A talabijin ne kawai ake da likita. A nan in yaro ya faɗi, ruwan leda ake fasa masa a ka, a ce ya tashi ai namiji ne.

Watan jiya na je wurin Masi. Tana nan Mubi, tana sayar da man gyaɗa a ƙofar gida. Bayan gaisuwa na ce, Maman Kuve, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki. Na gaya mata tambayar da ya yi mini da abin da na yi. Ta saurara har na gama, tana goge bakin kwalba.

"Na sani, Kyaftin," in ji ta. "Ni na wanke singiletin. Shi bai tuna wasan nan ba, ko kaɗan. Kofin da kuka ci, a bakin mutane ya ji labari."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta kawo mini ruwa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ban roƙa ba, don na ga ban isa in zo neman sauƙi a wurin wadda ta yi jinyarsa shekaru ita kaɗai ba.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Tumba, ba shi da yawa a ido. Ba hoto, ba fili ko gasa mai sunansa. Akwai gidajen da ya gina a Sabon Layi, suna tsaye. Akwai 'ya'yansa huɗu, Allah ya raya su. Sai kuma wata magana da na ji ranar jana'izarsa. Wani dattijo ya zo daga Uba, ba wanda ya aika masa, labari kawai ya ji. Da ƙyar na gane shi, tsohon ɗan gaban garinsu ne, wanda ya fi kowa ba mu wahala. Bayan an rufe kabari ya ja ni gefe, ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya nuna mini ƙwaurinsa. Ya ce shekaru ya yi yana karawa da Tumba, kuma sau da yawa da Tumba ya so da ya karya shi, amma bai taɓa neman ƙafarsa ba, ƙwallo yake nema. Ya ce da ƙafafun nan yake noma har yau, shi ya sa ya zo.

Na tsaya ina kallon ƙwaurin mutumin nan, ba tabo ko ɗaya. Tumba ya kiyaye ƙafar wanda ya zo cin gidansa, mu da muke sa riga ɗaya da shi muka kasa kiyaye masa kansa.