Mai Rabo Ya Tafi Bai Ɗauki Kashinsa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, ina tsaye a bakin injin matse rake a Kudan, ɗanka Zayyad ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba, ya ce, "Baba Yahuza, Baba ya cika." Haka labarin rasuwarka ya same ni, ya kai aminina Alhaji Muhammadu Auwalu Saulawa. Kafin la'asar mun kai ka makwancinka a Ikara, na dawo gida da maganar da ban gama yi da kai ba. Ita ce zan yi a nan.

Tun muna samari kai ne mai kasa nama in an yi watanda. Duk ƙarshen azumi mukan haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, kai ka durƙusa kana rabawa: kowane kashi da tsokarsa, da ƙashinsa, da 'yar hanta da tumbi. Al'adar kuwa sananniya ce, mai rabo shi ke ɗaukar kashin ƙarshe, don kada a ce ya fifita kansa. Ka yi shekaru kana aikin akanta a Kaduna, ka dawo da furfura, amma wannan hali bai bar ka ba.

Da ka yi ritaya ne ka zo mana da zancen hannun jari. Wani katafaren kamfani ne mai rassa da yawa: yana yin siminti, yana tace sukari, yana niƙa fulawa, ga gishiri, ga manyan motocin dako. Mu manoman rake da tumatir, me muka sani? Sai ka tara mu a ƙofar gidanka ka ce, "Ku ɗauke shi kamar sa ne a tsaye a kasuwa. Ni na yi wa cinya kuɗi daban, na yi wa ƙirji daban, na cire abin da ke cikin tumbi wanda ba a ci, wato bashin da ake bin kamfanin. Da na haɗa, sai na ga kasuwa tana sayar da san ƙasa da kuɗin namansa. Ku zo mu yi watanda."

Ba da ka ka yi wannan lissafi ba, ni shaida ne. Ka ja ni mun tsaya a bakin titin Zariya zuwa Kano kana duban motocin kamfanin, kana tambayar direbobi ko suna samun lodi. Ka bi 'yan sarin sukari a kasuwar Makarfi kana jin wane buhu ne ya fi tafiya. Na ce maka mutum ya tsufa ya koma ɗan leƙen asiri, ka ce wanda zai sayi sa ai sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora. Ko da riba ta fara zuwa, sai da ka ware ɗan abin da ya shigo ta kuɗin ruwa ka fitar da shi, kana cewa matsarmama ce, in aka bar ta sai ta ɓata naman duka.

Mutane suka shiga, daga Paki, daga Malikanchi, har da zawarawa masu sana'ar mazarƙwaila. A cikinsu akwai Iya Mairo ta Malikanchi, tsohuwar da ta sayar da tumakinta biyu ta kawo maka. Ana gobe Sallah sai ga ta a bayan ɗan acaɓa, da buhu a ninke a hammata. Bayan ta gaishe ka ta tambayi iyali, ta ce, "Alhaji, na zo karɓar kashina. In da hali a fi ba ni sukarin, simintin ba ni da abin yi da shi." Muka yi dariya har da hawaye, kai kuwa ba ka yi ba. Ka zaunar da ita ka ce, "Iya, wannan dabbar ba ta yanka ba ce, ta tatsa ce." Sannan ka aika aka auno mata sukari daga aljihunka. Da ta tafi ka ce mini, "Yahuza, kalmar nan ta watanda za ta ja mini. Watanda a yini ɗaya ake rabuwa, wannan kuwa shekaru ne."

Ta kuwa ja maka. Naira ta faɗi, bashin kamfanin na waje ya kumbura, nonon ya ƙafe, farashin hannun jarin ya yi ta zamewa. Ranar wata kasuwar Makarfi, Tanko dillalin rake ya ɗaga murya a cikin mutane ya ce, "Mai watanda, ina namanmu?" Na so in tanka masa, ka riƙe mini hannu. A makon nan ka sake tara jama'a ka ce lissafinka yana nan, san bai rame ba, kasuwa ce ta tsorata. Amma duk mai son fita, kai za ka sayi nasa a kan kuɗin da ya zuba. Ka ƙara da maganar da ta zame maka igiya: "Ni ne mai rabo. Ba zan taɓa nawa ba sai na ƙarshenku ya fita."

Don cika wannan ka sayar da fadamarka ta rake a Saulawa, gadon mahaifinka. Mun yi faɗa a kai, na ce maka wannan ba alheri ba ne, taurin kai ne ya sa rawani. Babu wanda ka tilasta, kuma kasuwa ba ta san amini ba. Ka ce, "Ba kamfanin suka saya ba, bakina suka saya." Duk suka karɓi kuɗinsu suka tafi, har da Tanko, wanda ko na gode bai ce ba. Iya Mairo ce kaɗai ba ta zo ba.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da kai. Wankin ƙoda a Zariya ya cinye motarka, ya cinye ɗan abin da matarka Hajiya Maimuna ta ajiye. Zayyad ya roƙe ka a sayar da hannun jarin ko da a faɗuwa ne, ni ma na roƙe ka. Ka tambaye mu, "Iya Mairo ta fita?" Muka ce a'a. Ka juya fuska bango. Na ce bari in je Malikanchi in yi mata bayani, ka hana ni da rantsuwa, wai kada a tsoratar da tsohuwa ta saki rabonta saboda kai. Daga nan aka fara tsallake ranakun wanki. Na san ajali ba ya jiran kuɗi, kuma ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma ina jin haushinka, Auwalu, ina kuma kewarka, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ranar sadakar uku Iya Mairo ta zo. Ta shiga wajen Hajiya Maimuna ta yi gaisuwa, a can wata ta ba ta labarin duka. Da ta fito ta same ni a zaure, ta durƙusa. Ta ce, "Malam Yahuza, ashe ni yake jira? Ni kuwa tun bara nake son kuɗin, rufin ɗakina ya zube. Na ce kowa ya gudu ya bar Alhaji, in ni ma na fita zai ce ban yarda da shi ba." 

Farashin yana nan inda ka bar shi. Ko lissafinka daidai ne, ko ba daidai ba, wataƙila 'ya'yanka za su gani. Mu dai abin da muka gani shi ne ba ka ci haƙƙin kowa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Maimuna, da Zayyad, da ƙanwarsa Radiyya, da dukan dangi na Saulawa da Ikara, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya zama gatanku. Allah ya jiƙanka, Auwalu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. A duniya kullum kai ne na ƙarshen ɗauka. Allah ya sa ranar babban rabo a kira ka cikin na farko. Amin.