Ƙwaryar Wana

A Tasawa ta wancan lokaci, masu zane kashi biyu ne, kuma ba ma ga maciji da juna. Akwai masu zanen ƙwarya, tsofaffin hannu, da rumfarsu ta kara a bayan kasuwa, inda suke gasa wuƙa a garwashi suna ƙona ado a bayan ƙorai da ludaya. Sai kuma mu masu fenti, da muke rubuta allon shago, muna zana zaki da dawisu a jikin manyan motoci. Su suna ce mana masu ɓata bango, mu muna ce musu masu warin hayaƙi. Ni a rumfar na tashi, domin kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne babbansu, wana kuma shi ne hannun damansa. Na gudu wurin fenti ne saboda na gaji da ƙona yatsu.

Masu ƙwarya suna da wata al'ada. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa, sai ya ɗauki sabuwar ƙwarya ya zana rabinta, ya bar rabi fari, a rataye ta a ginshiƙin rumfa. Muddin tana nan a haka, mai ita yana raye, wurin zamansa na jiransa. In ya dawo, shi zai ƙarasa abarsa. In kuwa labarin mutuwarsa ya tabbata, sai abokan aiki su sauke ta su ƙarasa masa, a kai wa iyalinsa. Ba a yin shelar wannan, kowa a rumfar da shi ya tashi.

Shekarar da fari ya yi tsanani, shanun makiyaya suka zube a hanyar Mayahi. Matan da ke sayen ƙorai don nono suka daina zuwa, wasu ma dawowa suka yi da nasu suna neman mai saye. Mutanen rumfa suka riƙa tafiya kudu ɗaya bayan ɗaya. Wana ma ya zana rabin ƙwaryarsa, ya ce da Inna, mahaifiyarmu, sai damina. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, babu shi babu labarinsa. Kowace ranar kasuwa Inna takan taso daga ƙauyenmu na wajen Kona, ta biya rumfa, ta ɗaga kai ta ga rabin nan fari, sannan ta je ta sayi gishirinta. Ba ta taɓa tambayar kowa komai ba.

Ana cikin haka, soja na kan mulki, sai saƙo ya fito daga biron kumandan, wato ofishin mai mulkin gari, cewa ba a son ƙungiyoyi barkatai. Masu zane su haɗe wuri ɗaya, za a ba su ɗakin siminti kusa da tasha, rumfa kuma za a rushe ta don faɗaɗa hanya. An ce mu je mu yi shawara. Shawarar da aka riga aka yanke ce, amma mun yi ta kamar da gaske, har jijiyar wuya ta tashi.

Babban masu fenti mutum ne mai fara'a da surutu, ya daɗe yana zanen motoci a Najeriya, yana ganin ya ga duniya. Ya miƙe ya ce ƙwarya ta mutu tare da shanu, roba da kwanon sha sun cika kasuwa, gara tsofaffi su shigo inuwar siminti su koyi riƙe buroshi. Wani dattijo ya ce shi ba zai zauna ɗaki ɗaya da masu zana fuskar mutum ba, ranar lahira a ce ya hura mata rai. Wani ya tambayi wa zai zama shugaba, nan fa aka kaure. Ni ina goyon bayan haɗewa, na kuma faɗa da ƙarfi, don na ga yunwa ba ta tambayar wa ke riƙe da wuƙa wa ke riƙe da buroshi.

Kawu ya bari sai da aka gaji. Sannan ya nuna ginshiƙi da haɓa.

"Mu ba mu tashi mu bar mutanenmu. In an tahi, da su za a tahi."

"Waɗanne mutane, Baba?" in ji babban masu fenti. "Waɗanga ƙorai?"

"Su hwa."

Aka yi dariya a ɓangarenmu. Babban namu ya ce in dai wannan ne sharaɗin, a zo da su, shi da kansa zai buga musu ƙusa. Kawu bai ƙara bayani ba, shi ba mai bayani ba ne, a ganinsa abin da ya faɗa ya isa. Da haka aka haɗe. Aka kwashi ƙoran matafiya aka jera su a bangon sabon ɗaki, ta wana tana daga gefen taga.

Ba a jima ba aka ce kumandan zai zo buɗe ɗakin. A makon aka aike ni Mayahi in rubuta allon rumbun da ake rabon hatsin taimako, kawu kuma zazzaɓi ya kwantar da shi, tsofaffin suka ƙi leƙa wurin tunda ba ya nan. Babban masu fenti ya dubi bango ya ga aiki rabi da rabi, ya ji kunyar a nuna wa baƙo haka. Da kyakkyawar zuciya ya yi, wannan na tabbata, ya so ne ya nuna wa tsofaffi an zama ɗaya. Ya sauke ƙoran duka, ya bi zanen kowa da baƙin fenti ya cike farin, da kyau kuwa, don gwani ne. Ya mayar da su ya rataye.

Na dawo da hantsin ranar kasuwa. Na tarar da kawu tsaye a tsakar ɗaki da sandarsa, yana kallon bango. Kafin in buɗe baki, sai ga sallamar Inna a ƙofa.

Ta ɗaga kai wajen taga kamar yadda ta saba. Ta daɗe a haka. Sai ta ajiye kwandonta, ta zauna a ƙasa, ta yi salati a hankali.

"Wa ya kawo labarin?" ta tambayi kawu. "Ina anka bizne shi?"

Ni na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ba wanda ya kawo labari. Kuskure anka yi, wanda bai sani ba ne ya taɓa ta." Mai fentin ma ya zo yana rantsuwa, hawaye na zubo masa, yana cewa yanzu zai kankare.

Ta saurare mu duka, ta gyaɗa kai. Ta ce, "Na ji. Ku miƙo mini ita, tunda an ƙarasa."

Ta sa ta cikin kwando ta tafi, ko gishirin ba ta saya ba. Da ta isa gida ta daka ɗan geron da ya rage mata ta yi gumba ta raba sadaka. Sauran iyalan sun yi faɗa, an kankare musu nasu an mayar bango. Ita ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta kuma sake zuwa kasuwar Tasawa ba har ta koma ga Allah.

Ƙungiyar ta daɗe, ta ciyar da mu, ban taɓa cewa haɗewar laifi ce ba. Amma ɗakin yana kallon tasha, kuma na yi shekaru ina aiki a bakin ƙofarsa. Duk motar da ta tsaya daga kudu, sai na ajiye buroshi na bi masu sauka da ido. Tsoro nake ji, na faɗa ba kunya. Ina tsoron ranar da wana zai shigo da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya dubi gefen taga ya ga ƙusa ba komai, ya tambaye ni wa ya ce wa Inna ya mutu.