Lallen da ya rufe ƙafar Inna

Shekarun baya, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar fadama tun daga Shanga har ƙasar Ngaski, Inna ta kusa rasa ƙafarta ta dama. Ta daɗe da ciwon suga, allurar insulin take yi. Da ruwa ya yanke hanyar ƙauyenmu allurar ta ƙare, ita kuma ta ce dama ta gaji da huda. Muka bar zancen sai ruwa ya janye. Ruwa kuwa bai yi gaggawa ba.

Ana nan ta fara kukan tafin ƙafa, wai kamar ta taka garwashi. Sai ga ƙawarta ta ƙuruciya, wadda muke kira Gwaggo, da kwaɓaɓɓen lalle a ƙoƙo.

"Miƙo nan, raguwa. Uwayenmu da mi suka kashe zafin ƙafa in ba lalle ba?"

Inna ta ce, "To ɗaura a hankali, ba damin gero ba ne."

Gwaggo ta ƙunsa, ta naɗe da tsumma tamau. Inna ta ji sanyi, sai aka yi ta maimaitawa, ƙunshi bisa ƙunshi, har ƙafar ta yi baƙi ƙirin. Ni nake zuba mata ruwan alwala, kullum idona na kan ƙafar nan. Ni da nake taƙama ko ɗigo ba ya kuɓuce mini a rubutun ajami, sai ga shi ban bambance baƙin lalle da baƙin ciwo ba. Wari ne ya tona asiri.

A kwalekwale muka kai ta asibiti a Yauri. Likita ya kama babban yatsana ya matsa farcen, ya yi fari, ya saki, ja ya dawo. Ya ce, "Malam, jini ke nan ya koma. Ƙarƙashin fata akwai jijiyoyi sirara fiye da gashi. Insulin ba suga kaɗai yake saukarwa ba, yana taimaka musu su buɗe. In ya yi ƙaranci, suga ya hau, sai su tsuke, jini ya riƙa isa yatsu da ƙyar. Ga ɗauri kuma a kai." Ya matsa farcen ƙafar Inna, ba a ga komai ba sai lalle.

Aka cire ƙaramin yatsa. Aka ce in ciwon bai haɗe ba, sai a yanke daga idon sawu. Daga nan sai jira. Wankin ciwo, allura, tabarmata a baranda, sauro, gobe ma haka. Har addu'a sai da ta koma mini gajera, ya Allah ka bar mata ƙafarta, shi ke nan. Allah cikin ikonsa naman ya fara ja, ya haɗe a hankali.

Har yau in na tuna, gajiyar ce ke fara zuwa kafin godiya. Duk abin da ya cuce ta, da ƙauna aka yi shi, kuma ban san wa zan ɗora wa laifi ba.

Gwaggo ita ta ɗora wa kanta. Ba ta zo dubiya ba, ko da muka dawo gida, sai dai ta aiko da busasshen kifi. Ranar da Inna ta fara iya takawa ta ce in kama ta, muka ɗingisa har ɗakin Gwaggo. Tana ganinmu ta rufe fuska da gyale.

Inna ta ce, "Ke wagga, ina bin ki dubiya. Tun da ba ki kawo ba, na zo karɓa da ƙafata."

Gwaggo ta fashe da kuka. Inna ta zauna da nishi, ta miƙa mata tafin hannu biyu.

"Ƙafa likita ya hana. Tashi ki kwaɓa."